Wasiƙa kan motar nan da ba ta da suna

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Hotunan motar sun iso kuma na dube su da kyau. Ka tambayi wace iri ce, wa ya ƙera ta, kuma ko maganar mai sayarwa cewa 'yar Italiya ce ta shekarun 1950 tana da tushe. Matsalar ita ce duk hotunan da ka aiko na bodi ne, bodi kuwa riga ce, kowace mota na iya aro. Dogon hanci, baki mai siffar ƙwai da kujera biyu, abin da kowa ke ƙerawa ke nan a wancan zamani, daga Modena har Kalifoniya. Bill Devin a Amurka ya ɗauki zubin bodinsa ne daga jikin wata motar tsere mai suna Ermini wadda maƙeri Scaglietti ya yi wa bodi a Italiya, ya riƙa fitar da shi da faiba, wato roba mai zaren gilashi, a girma 27, ana ɗorawa a kan shasin Triumph, MG, Volkswagen da sauransu. Wanda ya hango irin wannan motar ya ce siffar Italiya ce bai yi ƙarya ba, amma babu ko noti ɗaya na Italiya a jikinta.

Don haka tambayarka huɗu ce a haɗe: shasin na wane ne, injin na wane ne, wa ya yi bodin, kuma yaushe aka haɗa su. Sau da yawa amsoshin ƙasa uku suke nunawa.

Kafin komai, don Allah kada ka bari a wanke ƙarƙashinta da injin feshin ruwa, kada kowa ya sa mata sanfefa, kada a zubar da ko tsohuwar takardar da ta maƙale a bayan kujera. Lambar da aka rubuta da alli ko fensir a cikin ƙofa, ragowar sitika a dashbod, tsohon fenti a ƙarƙashin sabo, duk shaidu ne, kuma wanki ɗaya ke tafiya da su.

Ka ɗaga ta a kan jak mai ƙafa huɗu ka shiga ƙasa da tocila. Idan shasin manyan ƙarafuna biyu ne masu siffar kwata ko akwati, da ramukan da babu abin da ke ɗaure a cikinsu, to daga wata motar kasuwa aka ciro shi, ramukan nan kuma mazaunin tsohon bodi ne. Shasin Austin Seven ba ya ɓuya, ƙarafunansa suna haɗuwa a gaba kamar harafin A, kuma noti uku ne ke riƙe kowace taya. Na Ford Ten da Popular na Ingila yana da sifirin a gicciye gaba da baya, farfela tana cikin bututu, birki kuma na sanda da waya ne, ba na mai ba, sai in an canza. Fiat Topolino ma tana da sifirin a gicciye a gaba, sai dai kowace taya tana motsi ita kaɗai, ba a kan aksil guda kamar Ford ba. In kuwa ka tarar da manyan bututu biyu da aka huda wa sassa don rage nauyi, to maganar Italiya ta fara samun ƙafa, domin haka kamfanin Gilco na Milan da ƙananan maƙera irin su Stanguellini, Bandini, Siata da Ermini suke aiki, akasari da kayan Topolino ko Fiat 1100.

Sai awo. Ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, dama da hagu, sitiyari a miƙe. Milimita 2000 na Topolino ne, 2400 na Volkswagen Beetle. Inci 75 ko 81 Austin Seven, 88 Triumph TR2 ko TR3, 90 Ford Popular. Inci 94 kuwa ba ya raba gardama, domin Ford Prefect da MG TD da MGA duk suna da shi. Idan awon bai dace da komai ba, ka bi ƙarafunan shasin da hannu ka nemi inda aka yanke aka liƙa faranti da walda, masu haɗa mota a gida sun sha rage tsawo don ya shiga bodi. Idan dama da hagu suka bambanta da abin da ya wuce santimita ɗaya, ko dai ta taɓa yin haɗari ko an yanke ta a karkace.

Tayoyin waya da ke cikin hotonka kada su rinjaye ka. Ka cire ɗaya ka ga ko cibiyar da take zama a kai ɗaurawa aka yi da noti a kan ganga. In haka ne, ka auna da'irar notocin da baniya, ma'aunin nan mai baki biyu, ba da tef ba, don bambancin kaɗan ne. Ga masu noti huɗu, daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa a tsallaken cibiya: milimita 98 Fiat ne, 101.6 na Morris Minor da Sprite, 114.3 na Triumph TR, 95.25 kuwa na Triumph Herald ko Spitfire. In kayan suka tabbata na Herald ne, zancen farkon 1950 ya ƙare, domin ba ta fito ba sai 1959. Noti biyar a inci 5.5 tsohuwar Ford ta Amurka ce, a milimita 205 kuma Volkswagen. Wilin waya na kamfanin Borrani na Italiya, in na gaske ne, yana da lamba da aka buga a bakinsa mai farawa da RW, amma ka sani ana sayen wili a sa wa kowace mota.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne noti, don ba mai wahalar da kansa ya canza dukkansu. Ka kwance uku ko huɗu daga wuraren da ba a yawan taɓawa, kamar mariƙin akwatin sitiyari da mazaunin sifirin, ka gwada zarensu da ma'aunin zare. Zaren Whitworth da BSF na Ingila kusurwarsa digiri 55 ce, kuma kan notin ba ya zama daidai a sifanar milimita ko ta incin Amurka. Na Amurka da na milimita digiri 60 ne. Masana'antun Ingila sun koma zaren UNF a hankali cikin shekarun 1950, saboda haka Whitworth a ko'ina yana nuna kayan sun girmi wannan lokaci. Akwai tarko guda: injin XPAG na MG TC da TD zarensa na milimita ne amma kan notin Whitworth, gado daga masana'antar Hotchkiss ta Faransa da ta yi aiki a Coventry. Wanda bai san wannan ba sai ya ga milimita ya ce injin ba na Ingila ba ne.

Inji ka ɗauke shi a matsayin baƙo har sai an tabbatar da akasin haka, domin shi aka fi canzawa. Ko na asali ma yana iya ruɗarwa: Bandini da Siata da yawa da aka kai Amurka injin Crosley mai cc 724 suka ɗauka. Ka rubuto lambar da aka buga a jikinsa da wadda aka zubo tare da ƙarfen, abu biyu ne daban. A injunan General Motors lambar zubi tana da harafin wata, da rana, da adadin ƙarshe na shekara.

Yanzu batun shekara, wanda a nan aikin yake da daɗi. Kayan lantarkin kamfanin Lucas na Ingila, wato kik, dainamo, injin waifa, suna ɗauke da wata da shekara, misali 7 55. Gilashin kamfanin Triplex na Ingila yana da ɗigo a saman T, R, E ko X na sunan wanda ke nuna rubu'in shekara, da wani ɗigo a ƙarƙashin ɗaya daga haruffa tara na TOUGHENED wanda ke ba da adadin ƙarshe na shekarar. Ka tattara duk kwanan watan da ka samu a takarda ɗaya ka ga inda suka taru. Kik da dainamo suna lalacewa a canza su, ba a gina hukunci a kansu. Injin waifa, akwatin fis da gilashi sun fi daɗewa a mazauninsu. Idan kayan ƙafa suka nuna 1938 amma fitilu da waifa suka taru a 1957 da 1958, to tsohuwar mota ce aka yi wa sabon bodi a ƙarshen 1950. Haka aka yi dubbai a Ingila, inda Ashley, Falcon, Rochdale da Tornado suke sayar da bodin faiba, kuma motar da mutum ya haɗa da kansa ba ta biyan harajin saye har zuwa 1973. Sunayen kayan ma suna magana: Smiths, Lucas da SU Ingila, Veglia, Marelli, Carello da Weber Italiya, Stewart-Warner Amurka, Bosch da VDO Jamus. Amma ka leƙa bayan dashbod. In ramin agogo ya fi agogon girma, ko an faɗaɗa shi da zarto, daga baya aka sa shi, kuma sa agogon Veglia a motar Ingila tsohuwar dabara ce ta masu son ɗaga farashi.

Sai a nan za ka koma kan bodi. Maganaɗisu zai nuna ƙarfe. Inda bai kama ba, ka duba ta ciki. A hotonka na uku bakin ƙofar ya yi mini kauri, abin da ya fi kama da faiba, amma ido ba ya yanke wannan. Faiba ta ciki za ka ga saƙar zare ko gutsattsarinsa, kuma ba ta girmi 1950 ba a motoci irin wannan, Glasspar G2 ta 1951 tana cikin na farko. Idan alminiyum ne, ka haska tocila a karkace. Maƙeran Italiya da guduma suke bugawa, sai ka ga ƙananan tambuna birjik da gutsattsarin faranti masu yawa da aka haɗa da waldar gas. Na Ingila sun fi amfani da injin murza faranti, wanda ke barin dogayen layuka a jere a kan manyan faranti. Siraran bututun ƙarfe da aka naɗe bakin alminiyum a kansu shi ne tsarin Superleggera na kamfanin Touring tun 1936, amma wasu sun kwaikwaya. A irin wannan bodi ka duba inda alminiyum ya taɓa ƙarfe: farin gari da kumburin fenti alama ce ta cin da ƙarafan biyu ke yi wa juna in danshi ya shiga, kuma rashinsa gaba ɗaya a motar da aka ce ta shekara saba'in abin tambaya ne. Haka ma waldar MIG, wato ta injin da ke turo waya, a mariƙan bodi, da sukurun Torx mai ramin tauraro wanda bai wanzu ba kafin 1967. Ƙaramin maƙeri na 1950 da gas ko sandar lantarki yake walda.

Lambar shasi ka neme ta a saman ƙarfen hagu kusa da akwatin sitiyari, a ƙarfen gicciye na gaba, a Volkswagen kuma ƙarƙashin kujerar baya. Tsohuwar Ford ta Amurka tana sa tauraro a farko da ƙarshen lambar. Ka jiƙa wurin da kananzir, ka goge da burushin tagulla, ka shafa alli. Lambar da aka kankare tana iya dawowa da sinadari saboda bugun ya danne ƙarfen da ke ƙasa, amma aikin ƙwararru ne kuma sau ɗaya ake samun dama. Farantin suna da aka ɗaure da ribit sabo fil a kan ƙarfe mai tsatsa, ko lambar da ke zaune a wurin da ya lotsa fiye da kewayensa, kada ka yarda da su. Kuma kada ka nemi lamba mai harafi 17, wannan tsari a 1981 ya fara.

Takardu su ne ƙarshe. In akwai tsohuwar lambar rajistar Italiya, ofishin rajistar motocin ƙasar, PRA, wanda ke aiki tun 1927, yana bayar da jerin duk waɗanda suka mallaki mota. Ga shasin Austin, MG ko Triumph, gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila yana fitar da takardar shaida daga littattafan masana'anta. Idan aka ce maka ta yi tseren Mille Miglia na Italiya, ka tuna an daina shi a 1957, kuma a shekarunsa na ƙarshe lambar da ke jikin mota lokacin tashinta ce, kamar 722 ta direba Stirling Moss a 1955, wato ƙarfe 7:22 na safe. Jerin waɗanda suka shiga yana nan a Brescia, garin da tseren yake tashi, ana iya dubawa. In tsohon hoto ya fito, kada ka tsaya a kamanni. Ka ƙirga tsagogin iska a bonet, ka gwada mazaunin murfin tanki da tazarar ribit, domin bodin hannu biyu ba sa zama ɗaya, ko gefe biyu na bodi ɗaya ma ba sa daidaita.

Abin da nake so ka aiko mini: awon tsakanin tayoyi na gefe biyu, awon da'irar noti, hoton shasi daga gaba da baya, hoton cikin bonet da cikin ƙofa da haske a karkace, da duk lambar da ka gani ko da rabi ce. Kada ka biya kuɗin motar Italiya kafin waɗannan su zo hannu.

Ka gaishe mini da mutanen gida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka abokinka.