Yaya, gashin nan hula ce

Benidom, Sifaniya
23 ga Nuwamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya Inna da ƙafar tata, ya maman yara da yaran, ya sanyin Jos, na san yanzu ya kankama. Ni lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Na zauna na rubuta ne maimakon saƙon murya, don na lura saƙon murya ƙafa gare shi, kafin ka ankara ya je Gangare ya dawo. Wannan ka karanta kai kaɗai tukuna, sannan ka zaɓi abin da za ka karanta wa Inna.

Jiya na turo Yuro 350 ta asusunka. Ka duba abin da ya kama a naira ranar da ya shiga, ka rubuta a takarda. 150 na kwanon rufin ɗakin Inna ne, a saya yanzu da rani, kada a jira damina ta zo ana tarar ruwa da bokiti kamar bara. 100 kuɗin makarantar Auta da rajistar jarrabawarsa. 60 maganin hawan jinin Inna, 40 kuma ka kai wa Gwaggo, ka ce ba yawa. Kuɗin makarantar nan, don Allah kai da ƙafarka za ka je ka biya, ka karɓo rasit, ka turo min hotonsa. Ko sisi kada ya bi ta hannun Auta.

Yanzu maganar da ta hana ni barci. Kawu ya kira ni ranar Lahadi, ko sallamar kirki bai yi ba. Ya ce bidiyona yana yawo a wayoyin unguwa, an gan ni da gashi har gadon baya ina tsalle a gidan giya, wai na zama ɗan Rasta, na bar salla, har da masu rantsuwa cewa wiwi nake sha. Inna kuwa yau kwana tara ba ta ɗaga wayata ba.

Yaya, gashin nan hula ce. Hular saƙa ce mai ja da ruwan ɗorawa da kore, an ɗinka mata gashin roba a baya, Yuro 12 na saye ta a kantin 'yan Sin. Ina sauka daga dandamali nake cire ta in jefa a jaka. Kaina a aske yake ƙwal, kamar yadda Baba yake aske mu duk Alhamis. Na turo maka hoton da na ɗauka da safen nan da hular a hannuna, ka nuna wa Inna, ka nuna wa Kawu, shi kuma in ya ga dama ya nuna wa 'yan majalisar ƙofar gidansa.

Waƙar kam ina yi, ba zan yi maka ƙarya ba. Shekara biyu ke nan ita ce sana'ata, na kuma ɓoye muku na ce aikin otal nake yi. To, a otal ɗin nake yi, amma na san ba haka kuka fahimta ba, na kuma bar ku a haka. Wannan laifina ne.

Bari in gaya maka yadda abin yake. Garin nan a bakin Bahar Rum yake, kusa da Alikante. 'Yan garin ba su fi dubu 70 da 'yan kai ba, amma otal-otal da dogayen benaye sun cika shi maƙil, akwai wani otal mai suna Bali hawa 52, ina hango shi daga tagar ɗakinmu. Baƙin da suka fi yawa Turawan Ingila ne, galibi tsofaffi 'yan fansho da suka gudo wa sanyin ƙasarsu, wasu ma a kan 'yar keken lantarki suke yawo don ƙafa ta gaza. In sun ci abincin dare sai su zauna a babban falon otal, suna so a yi musu waƙoƙin zamanin ƙuruciyarsu. Mawaƙan na ainihi wasu sun mutu, wasu sun fi ƙarfin aljihun otal. Sai a nemo mai irin muryarsu, ya sa irin kayansu, ya yi irin tafiyarsu. Elvis, mawaƙin Amurka, ya mutu tun 1977, amma duk daren Allah sai ka ci karo da shi a nan a wuri uku ko huɗu, akwai ma wani mai tumbi da muke gaisawa. Ni Bob Marley nake yi, na Jamaika, wanda ya rasu 1981, wanda kaset ɗinsa ka taɓa ɓoye min a ƙarƙashin katifa don kada Baba ya gani. Ka tuna ai. Kamar dai masu yin waƙoƙin Shata ne a gidan biki tun bayan rasuwarsa a 1999, ba wanda ya ce sun zama Shata. Bambancin kawai nan har da kaya ake sawa.

Ba makaɗa a bayana. Kiɗan yana cikin kwamfuta, in haɗa da lasifikar wurin, in riƙe makirufo, minti 45 ko awa guda, an gama. Wasu ranakun kuma in ajiye hular in sa kwat da baƙin takalmi in yi tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen Amurka, ina zagaya tebura, ina tambayar wa ke bikin ranar haihuwa, wa ya shekara 40 da aure, in ja tsohuwa ta taka kaɗan mijinta na dariya. Wannan shi ya fi wuya, don sai ka iya karanta fuskar mutane. In ka ga sun fara duba waya, to ka sauya waƙa tun kafin su tashi.

Da bazara nakan yi wuri uku a dare ɗaya. In fara a otal ƙarfe tara, in ruga wani wurin sha ɗaya saura, in ƙarasa na uku bayan sha biyu, jaka a baya, ina sauya riga a bayan gida. Dillalin da ke samo min wuraren yana cire kasonsa kafin kuɗi ya iso ni. Wani otal ya riƙe min kuɗin wasa shida tun Agusta, kullum sai a ce ofis bai sa hannu ba, shi ya sa na watan jiya ya zo muku a makare. Ba komai, za su biya.

Giya kuwa ana sha a wurin, ba zan ce ba a sha ba. Su suke sha. Ni abin da ke cikin kofin da aka gani a hannuna ruwan ɗumi ne da citta da zuma, don maƙogwaro shi ne jarina. A watan Yuli muryata ta dushe kwana biyar, kwana biyar ɗin nan ko kwabo bai shigo ba. Mai irin wannan sana'a ko ruwan sanyi tsoronsa yake, balle hayaƙi. Juma'a ba ta wuce ni, akwai ɗan masallacin da 'yan Maroko suka fi yawa a ciki, a wurinsu kuma nake sayen nama. Asuba ce dai wani lokaci nake makara, wannan ma ina fama.

Kawu ya ce jikan malamai ya koma maroƙi. Ni ban taɓa kiran sunan wani ina wasa shi don ya ba ni kuɗi ba. Ana yanka farashi tun kafin in hau, in rubuta takardar biya, gwamnati ta cire nata. A matsayin mai aikin kansa aka yi min rajista, duk wata sai na biya kuɗin inshorar gwamnati ko na yi wasa ko ban yi ba. Shekarar farko Yuro 80 ne saboda rangwamen sababbi, yanzu ya haura 200. In na yi sakaci da biyan nan, ranar sabunta katin zama zan gane kurena, katin da sai da na yi shekara uku a ɓoye kafin in samu. Maroƙin da ke biyan haraji dai ban san shi ba a Unguwar Rogo.

Kuma ina Kawu yake lokacin da nake cikin rumfunan leda na gonakin Almeriya, kudancin ƙasar nan, ina tsinkar tumatir? Lokacin ba wanda ya tambayi abin da nake yi, don ba bidiyo. Ban taɓa ba ku labarin wurin ba, yanzu ma ba zan bayar ba, ya wuce. Amma bulon da aka ɗora a katangar gidan Kawu bara, ka tambaye shi ko ya ji ƙanshin giya a jikinsa.

A'a, kada ka gaya masa haka. Raina ne a ɓace. Ka gaishe shi, ka ce na ji faɗansa na gode.

Abin da ya fi damuna ba Kawu ba ne. Akwai daren da na gama wasa, wani dattijo ɗan Ingila ya riƙe hannuna yana hawaye, ya ce da wannan waƙar ya nemi matarsa, ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ya tambaye ni ina na samo murya haka. Na ce ta babana ce. Ban gaya masa babana ladan ne ba, shekara 30 yana kiran salla ba lasifika ana jin sa har bakin titi. Da na koma ɗaki na kasa cin abinci. Muryar da ya tashi unguwa da ita asuba, ga inda na kawo ta. Kuma ban zo jana'izarsa ba, ban ɗauki makararsa ba, saboda takarda. Kai ka ɗauka, kai ka zauna zaman makoki, kai kake kai Inna asibiti. Ina sane, Yaya. Wannan sakin layin kada ka karanta wa Inna.

Amma fa in ka ga yadda ake tafi. Satin da ya wuce aka yi bikin garin na shekara, washegarin gama shi kuma Turawan Ingila suka yi nasu na shigar ban dariya, titi ya cika ba masaka tsinke. Wurin da na yi wasa mutane har bakin ƙofa a tsaye, sai da suka sa na ƙara waƙa biyu. Mai wurin ya ce ya riƙe ni duk daren Talata har Ista. An buga sunana a allo a ƙofar shiga, da hotona, ɗan Unguwar Rogo. Wata tsohuwa ta zo ta ja gashin don ta ga ko na gaske ne, hular ta biyo hannunta, ta ƙwalla ihu, wuri ya kaure da dariya. Da ita ce ta ɗauki bidiyon da ya iso muku, da duk wannan magana ba ta taso ba.

Na san wanda ya yaɗa shi. Mutum ɗaya na tura wa, na kuma ce ya gani ya goge. Auta ne. Ya sa a TikTok don abokansa su ce wansa yana Turai. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Na ji kuma har yanzu bai bar cacar ƙwallon nan ta waya ba, kuɗin littattafan da na turo a Satumba can suka tafi, maman yara ce ta faɗa min, kada ka yi mata faɗa. Ka zaunar da shi. Ba duka ba, ya girma. Ka gaya masa in ya faɗi jarrabawar nan ba zan sake biya ba, in kuma yana tunanin biyo hanyar Agadas ne ya same ni, to ya cire wannan daga ransa, ni na san abin da ke hanyar. Kuɗin makaranta kai za ka kai, na sake faɗa.

Sai maganar gidan su yarinyar nan. Kawu ya ce babanta ya ga bidiyon, ya ce a dakata da maganar sa rana. Ba na so a je ana roƙonsa. Ka ɗauki Baffa ku je ku gaishe shi kawai, ku nuna masa hoton, ku gaya masa gaskiyar aikin yadda na faɗa maka, har da cewa ana shan giya a wurin. In ya ce ya fasa, ya fasa. Amma akwatuna biyun da ke ɗakin maman yara kada a taɓa su, kada a ba kowa aron ko atamfa ɗaya, sai na faɗa.

Ku yi tattalin wannan kuɗin. Daren Kirsimeti da na sabuwar shekara ana biya ninki, zan turo na azumi daga ciki. Daga Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu kasuwa takan yi sanyi, wasu wuraren rufewa suke yi, sauran kuma tsofaffin 'yan ƙasar ne ke cika su, su kuwa waƙar Sifaniyanci suke so, ni ko uku kacal na iya. Kada ku ga shiru a lokacin ku ce wani abu ne. Haya muna raba ta ne da wani ɗan Senegal da wani ɗan Maroko, mutanen kirki, ba abin da na rasa.

In akwai mai tahowa Madrid ko Balensiya a aiko min da kuka da daddawa da yajin Inna, wanda aka kawo min da Babbar Salla ya ƙare tuni. A ɗaure daddawar da kyau, ta bara sai da ta cika wa mutumin jaka da wari.

Tun ƙarshen Oktoba agogonmu ya koma ɗaya da naku. Ranar Juma'a ƙarfe huɗu zan kira wayarka, ka kasance a ɗakin Inna. In ba za ta yi magana ba, ka ajiye wayar kusa da ita kawai, ni zan yi.

A turo rasit ɗin makaranta, da na kwano.

Ƙaninka.