Zuwa ga mutumin Fatakwal

Assalamu alaikum, ɗan birni.

Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ko kifin Fatakwal ne ya mantar da kai hanyar Katsina? Inna ta ce in tambaye ka ko zuwanka bikin bayan Sallah na nan, don an fara rabon aiki.

Amma bari in fara da albishir: tumatirin Ajiwa ya tsaya da ƙafarsa bana! Ka tuna fangalin nan na bakin rijiya, inda ganye ke fara rawaya daga ƙasa ta gefe guda, da rana ya yi yaushi, da yamma ya farfaɗo, wata rana kuma a wayi gari ya kwanta. Kawu ya daɗe yana cewa baki ne. Yaron Yaya, mai karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ya tsaga kara ɗaya da reza a gabanmu, sai ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa tun daga gindi. Ya ce funfuna ce mai suna Fusarium, a ƙasa take zama shekara da shekaru, ta saiwa take shiga ta toshe hanyar ruwa. Wato duk feshin da ake yi wa ganye kuɗi ne ake zubarwa.

Wani gari ya kawo a leda, mai ɗauke da bakteriyar ƙasa, Bacillus subtilis. Aka dama a bokiti, aka tsoma saiwar dashe kafin a kafa. Ita bakteriyar lulluɓe saiwa take yi, ta riga funfunar kama wuri, ta kuma fitar da sinadarai irin su iturin masu huda jikin funfunar. Abin da ya fi burge ni, in zafi da fari suka matsa mata sai ta dunƙule cikin ƙwanso ta yi barci har ruwa ya zo. Akwai wata, Pseudomonas, mai ƙwace wa funfuna sinadarin ƙarfe, amma ba ta jure bushewa haka. Da ranar Katsina, ka san wadda zan zaɓa.

Kai da ke toshe hanci in an zo da takin shanu, ka ji: ƙamshin ƙasa na ruwan farko da kake yabo, wata bakteriyar ce, Streptomyces, ke fitar da shi, kuma daga danginta aka samo maganin tarin fuka streptomycin a 1943.

Kada ka ce na zama boka. Wasu daga cikin tumatirin sun mutu duk da haka, don rigakafi ne, wanda ya riga ya kamu ba ya tashi. Damuwata yanzu Kawu ne. Ya ga abu ya yi kyau, wai zai haɗa shi da shuɗin maganin nan na tagulla don ya ƙara ƙarfi, alhali tagulla kashe bakteriya take yi. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, ya ce yaran zamani. Kai yake jin maganarka, ka buga masa waya kafin Juma'a.

Af, mutuminka mai gyaran injin ban-ruwa ya ƙara aure, har yanzu kuma injinmu na kwance a shagonsa. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa ƙaramin ina bin sa bashin karatun da ya yi min alkawari.

Naka,
Mutumin Ajiwa