Wasiƙa zuwa ga Abba, a kan lofen da ya ɗauka a adaka

Ƙofar Marusa, Katsina

Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin Jos? Mu nan kowa lafiya lau, sai hazo da ya lulluɓe gari, tun shekaranjiya ba a hango hasumiyar Gobarau sai an zo gab da ita.

Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton gwangwanin tabar. Tun kafin ka aiko na san lofen yana hannunka. Bayan tafiyarku hutun Sallah Hajiyarku ta buɗe adaka, ta tarar da tsumman da na naɗe shi a ciki wayam. Ta kalle ni, na kalle ta, ba wanda ya ce uffan. Na zaɓi in rubuto maka ne domin na san halinka a waya: “To, Baba, to, Baba,” ka ajiye, maganar ta bi iska.

Ka ce tabar da abokinka ya kawo maka daga Ingila ta zo falle-falle kamar kilishi, ka cusa ta ta ƙi kamawa, ashana ta kusa ƙarewa, harshenka ya ƙone. Ka ce tunda na san kan abin in nuna maka. Kwana biyu na yi ina juya maganar. Da farko na so in yi maka tsawa, sai na tuna shekararka 29, kuma in na ƙi faɗi wayar hannunka za ta faɗa maka. Ita kuwa rabi za ta ba ka. Gara ka ji duka daga bakin wanda ya yi shekara 26 da wannan itacen tsakanin haƙoransa.

Irin wannan taba Turawa na ce mata fleik. Ganye ne, galibi irin tabar da ake kira Bajiniya mai zaƙi-zaƙi, ake jiƙa shi kaɗan, a jera, a danne da ƙarfe mai nauyi har ya zama dunƙule kamar sabulu, a bar shi makonni ya nuna, sannan a yanka siriri. An ce daga matuƙan jirgin ruwa dabarar ta samo asali, domin danƙararriyar taba ba ta cin wuri, ba ta kuma bushewa a doguwar tafiya. Shi ya sa taka ta ƙi wuta. Da danshinta ta fito, kai kuma ka danna ta kamar mai cusa auduga a matashi.

Masu sha ba haka suke yi ba. Falle ɗaya ko ɗaya da rabi ake cirewa, a yayyaga, a sa a tsakiyar tafin hannu, a rufe da ɗayan, a murza a hankali kamar mai murza zogale busasshe, har ta warware ta zama zare-zare. Sai a baza a takarda ta sha iska. Da damina takan ɗauki rabin awa. Da hunturun Katsina kuwa kafin ka idar da alwala ta yi, in ka yi sakaci ta zama gari. Gwajin a yatsa yake: ka matsa, in ta dunƙule ta zauna, da saura, in ta karye ta ruɓushe, ta wuce, in ta ɗan lotsa ta dawo, ta yi daidai. Wajen zubawa a ƙoƙon lofe sau uku ake yi, na ƙasa sako-sako, na tsakiya a ɗan taɓa, na sama a danna kaɗan, a zuƙa ba wuta a ji ko iska na wucewa. Wasu ba su murzawa sam, ninke fallen suke yi biyu su tura shi a tsaye, su barbaɗa ɓurɓushi a kai don wuta ta sami abin kamawa. Wannan ta fi daɗewa tana ci, ta fi kuma wuyar koyo. Wasu su sa almakashi su yanka ƙanana kamar ƙwayar dawa. Wutar farko kullum mutuwa take yi, ba laifinka ba ne. Ana daddanna tokar da kan ƙusa a sake ƙyastawa. Ƙunar harshe kuwa sakamakon gaggawa ce da jiƙaƙƙiyar taba, tururi ne ke dafa ka.

Ka ga ban ɓoye maka kome ba. To, ka lura da abin da ya faru yanzun nan. Rabona da lofe shekara 20 ke nan da ɗoriya, amma ina rubuta maka wannan sai na ji yawu ya taru a bakina, na tsinci babban yatsana yana murza tafin hannu, ba kome a ciki. Abin da nake so ka gane ke nan, Abba. Mai sigari ya san shi kamamme ne, yana ɓoyewa a lungu, yana jin kunya. Mai lofe kuwa gani yake shi gwani ne. Yana da gwangwani, da ƙusa, da tsinken sharewa, da lokacinsa na musamman, da ilimin da zai yi wa mutane bayani. Wa ke barin abin da ya ƙware a kansa? Ni dai nikotin ya bar jikina cikin 'yan makonni, murzawar nan ce ta ƙi barin hannuna har yau.

Wurin Kawu na koya, ƙanen kakarka, wanda ya yi yaƙin Bama. Ba ka riske shi ba. Ya dawo a 1946 da lambobi a ƙirji da lofe a baki, ya zauna a zaure yana murza taba yana ba mu labarin daji da ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Mu yara ba mu ga kome ba sai kwarjini. Lofen nan da ke hannunka nasa ne, na saiwar wani itace ne da ke fitowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, shi ya sa wuta ba ta cinye shi. Dubi bakinsa, za ka ga gurbin haƙora iri biyu. Mai zurfin na Kawu ne. Bai cika da haƙori ko ɗaya a wannan gefen ba, kuma shekarunsa na ƙarshe kunu kawai ke wuce mashi, muryarsa ta dushe sai ka kai kunne. A lokacin cewa aka yi sanyi ne ya kama mashi maƙogwaro.

Kada ka ɗauka taba baƙuwarmu ce, ko abin burgewa ne don ta zo a gwangwani mai zane. Asalinta dai daga Amurka ne, amma ta daɗe a ƙasar nan. Kakanninmu sun noma ta a fadama, sun sha a tukunyar taba, tsofaffi sun cusa taba gari da kanwa a leɓe, mata sun rina haƙora da furenta. A 1853 Baturen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, a nan Katsina ya sayi taba ya yi guzurin hanyar Tumbutu, saboda tamu tana da daraja har can. Da wannan tarihin nakan kare kaina a majalisa. In malamai suka taso ni sai in ce ai Ahmad Baba na Tumbutu ya yi fatawar halaccinta tun 1607. Gaskiya ne ya yi. Wata rana wani malami abokina ya ce mani, “Alhaji, shi Shehin bai ga hoton huhu ba, kai ka gani.” Ban sami amsa ba, na dai yi dariyar yaƙe. Ba zan yi maka fatawa ba, ba fagena ba ne, amma ka san inda mafi yawan malamanmu suka tsaya a yau.

Ka rubuta cewa lofe ba kamar sigari ba ne tunda ba a haɗiye hayaƙin. Wannan maganar tawa ce, na yi shekaru ina faɗinta, wataƙila ma a bakina ka tsince ta kana yaro. Hayaƙin da ba ka kai huhu ba ina yake zama? A leɓe, da harshe, da dasashi, da maƙogwaro, kusan awa guda kowane zama. Ta fatar baki nikotin ke shiga jini, ba ya jiran izinin huhu. Cikin lofe ɗaya kuma yakan ci tabar karan sigari biyu ko uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, ba ta kuma ware masu lofe ta ce su ban da su ba. Cikin adadin nan har da waɗanda ba su taɓa sha ba, zama kusa da mai sha ne kawai laifinsu. Nan ne nake jin nauyin Hajiyarku, da tarin da ta yi ta fama da shi kuna ƙanana, muna ɗora wa ƙura da hayaƙin murhu.

Ba ku san dalilin da na bari ba, kun dai ga na bari. Wani farin tabo ne ya fito mani a gefen harshe, daidai inda bakin lofe ke zama. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, na kankare ya ƙi fita. Likita ya duba, ya yi shiru, ya tambaye ni shekara nawa ina sha, ya yanki ɗan kaɗan aka aika gwaji. Mako uku na yi ina jiran sakamako, lokacin kana aji biyu na firamare, Ummi tana goye. Kullum dare sai in zauna ina lissafin wanda zai riƙe ku. Allah Ya taimake ni bai zama ciwon daji ba, amma likitan ya ce irinsa ne ke rikiɗa. Azumi ya kama a wannan watan. Da, ana kiran magariba dabino ɗaya nake jefawa in nufi zaure, lofe na riga kunu shiga bakina. A wannan shekarar na naɗe shi a tsumma na ba Hajiyarku makullin adaka. Goman farko na yi faɗa da kowa a gidan nan, har da akuya. Na kasa jefar da shi ne kawai don na Kawu ne, yanzu ga inda rashin jefarwar ya kai mu.

Yau kwananka nawa da farawa? In lissafina daidai ne ba ka cika wata biyu ba, kuma har yanzu ba ka iya ba, tana mutuwa, tana ƙona ka. Ina roƙonka ka tsaya a nan, tun hannunka bai koyi murzawar ba. Ban ce ka yi mani alkawari a waya ba, na san za ka yi don kunya. Ka dubi matarka da cikin da take ɗauke da shi, ka yanke da kanka. In kuwa ka riga ka fi yadda nake zato nisa, ka gaya mani gaskiya, mu nemi likita tare. Akwai magungunan da ke rage ƙishirwarta, a zamanina ban same su ba. Kome ka yanke, in ka ga tabo ko gyambo a baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, kada ka jira.

Gwangwanin ka mayar wa mai shi, ka yi mashi godiya. Lofen kuwa ka naɗe shi ka ba direban da ke kawo mana dankali ranar Juma'a. Na yi magana da Hajiyarku, wannan karon ba adaka zai koma ba, ta ce ita ta san inda za ta kai shi, ban kuma tambaya ba.

Tana gaishe ku, ta ce a turo mata awon rigar jariri da atamfar da kuka yi magana. Ummi ta fara jarrabawa ranar Litinin, ku sa ta a addu'a. Ka gaida mai ɗakinka da kyau. Allah Ya yi maka albarka, Ya sauke ta lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka