Amsa ga mai tambaya kan farar ƙasa da dagwalon ruwa

Malam, bayan gaisuwa mai yawa.

A taron da aka yi kan tsaftar ruwa ka miƙe ka tambaye ni: ta yaya abin da ke ƙona fatar hannu zai gyara ruwan da za a saki cikin kogi? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa mai gamsarwa ba, ga ta yanzu.

Farar ƙasar da muke magana a kai daga dutse take. Ana gasa dutsen a zafin da ya kai kimanin digiri 900, sannan a jiƙa shi ya koma gari ko ruwa-ruwa kamar madara. Kaifin da kake tsoro gaskiya ne, kuma shi ne aikinta. Ma'aunin pH, wanda ake auna tsami ko kaifin ruwa da shi, yana tashi daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya: ƙasa da 7 tsami ne, wato asid, sama da 7 kaifi ne irin na farar ƙasa. Ruwan da ke fitowa daga ramukan haƙar ma'adinai da masana'antun ƙarfe sau da yawa asid ne, farar ƙasa kuwa tana kashe wannan tsamin. Da ma'aunin ya haura wajen 9, tagulla da tutiya da dalma da suka narke a ruwa sai su dunƙule su kwanta a ƙasan tanki. Haka ma fosfaras na ruwan birane, wanda ke sa gansakuka ta mamaye tafki har kifi su rasa iska.

A lakar da ake tacewa daga ruwan ban-ɗaki ma tana da rana. Dokar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 1993 ta amince a ɗaga lakar zuwa pH 12, ta zauna a haka awa biyu, domin rage ƙwayoyin cuta. Wari ma yana lafawa, ko da yake iskar amoniya mai yaji na tashi, dole ma'aikata su rufe hanci da ido.

Inda nake goyon bayanka shi ne nan. Idan aka zuba ba awo, ɓarna ake yi. Tutiyar da ta kwanta tana sake narkewa idan kaifin ya wuce kima, kuma ruwa mai pH 11 yana kashe kifi kamar yadda asid ke yi. Shi ya sa kafin a buɗe bututu ake sauko da shi kusa da 7, galibi da iskar kabon dayoksaid. Akwai kuma nau'in ƙarfen kuromiyam da farar ƙasa ba ta kama shi sam, sai an fara juya shi da wani sinadari.

Abin da ya fi damuna, wanda ba ka tambaya ba, shi ne lakar. Ƙarfen bai ɓace ba, wuri ya sauya. Farar ƙasa kuma tana ƙara yawan lakar sosai. Na sha ganin inda aka tace ruwa tas, aka jibge lakar a fili, ruwan sama ya mayar da ita kogin da aka ce ana karewa. Wannan yana ci mini rai.

Don haka idan wata masana'anta ta ce maka tana amfani da farar ƙasa, nemi ta nuna maka awon ruwanta na kullum, sannan ta kai ka inda take binne lakar.

Naka,
Mai aikin tace ruwa