Auta, kar ka biya kuɗin motar nan tukuna

Assalamu alaikum Auta, ya gida ya su Inna da Baba, ya jikin Baba da ƙafar nan, ina fata yana shan maganin akan lokaci. Mu nan Hustan a Amurka lafiya lau alhamdulillah sai zafi da aiki. Na ga hotunan da ka turo na BMW ɗin nan 335i kuma na ji bos not ɗinka, daga muryarka na gane ta riga ta shiga ranka, shi yasa nace bari in zauna in rubuta maka a tsanake don in a waya ne sai ka ringa katse ni da "ai Yaya na duba". Ni ban hana ka saye ba wallahi, kuɗinka ne ka sha wahala ka tara, kuma mota ce mai daɗin tuƙi, amma dan Allah ko sisi kar ka bada kafin alƙalami sai ka yi abubuwan da zan faɗa maka.

Abin da nake so ka sa a kanka shine wanda ya sayi irin wannan motar tun tana sabuwa don gudu ya saye ta, ta wuce hannu biyu uku kuma kowa ya taka ta iya son ransa, na ƙarshe ma sau da yawa yaro ne da bai da kuɗin kula da ita. To tarihinta ya fi fentinta muhimmanci. Ka je ka ɗauko min lambar casis, guda 17 ce haruffa da lambobi, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma kan sitika a jikin ƙofar direba in ka buɗe, ka tabbata duka biyun da na takardar kwastam iri ɗaya ne ko harafi ɗaya bai bambanta ba. Ka ƙirga zuwa na goma, shi ke nuna shekara a motocin Amurka, 9 shine 2009, harafin A 2010, B 2011. Dila ya ce maka 2011 ce ko? To mu gani, don canza fitilu da bamba a rage wa mota shekaru ba wani aiki bane. Kuma shekarar tana da amfani a nan, na 2007 zuwa 2010 injin N54 ne mai tobo biyu (abin da ke tura wa inji iska don ƙara ƙarfi), daga 2011 mai ƙofa huɗun ta koma N55 mai tobo ɗaya.

Da lambar nan zan ciro maka rahoton tarihin motar na Carfax daga nan, kai ma ka rubuta ta a Google kawai, in ta bi ta gwanjon Copart ko IAA sau da yawa hotunanta na ranar gwanjo suna nan a intanet. Ni ina ganin motocin nan da idona kafin a loda su a jirgin ruwa Auta, gaba a murƙushe, iyabag duk sun fashe suna reto, inshora ta riga ta biya mai ita ta rubuta mata salbej wato ta lalace ba ta cancanci gyara ba, wata uku sai ka ga irinta a Legas tana sheƙi an ce "ba ta taɓa komai ba". Ba duk mai hatsari ce ba ta sayuwa, in bamba ce da ƙofa ba matsala in dai an faɗa maka kuma farashin ya nuna haka, amma in bugun ya kai casis ko an cusa tsumma a gurbin iyabag an ɗinke, wannan ranka ne, mota mai doki 300 akan hanyar Kaduna ba wurin gwaji bane.

Wadda tafi bani tsoro ita ce motar ambaliya. A 2017 guguwar Harvey ta nutsar da motoci dubbai ɗaruruwa a garin nan, a 2022 Ian ta yi nata a Fulorida kuma can ruwan gishiri ne, motocin nan kuma ba ƙone su aka yi ba, da yawansu an wanke an sayar. Motar da ta sha ruwa tana iya tashi lafiya lau yau, bayan wata shida wayoyi su fara ruɓewa daga ciki, yau gilashi ya ƙi hawa gobe ta mutu a tsakiyar Kwangila, mai rewaya ya bi ya bi bai ga komai ba. Ka shiga ka rufe ƙofofi ka kashe AC ka shaƙa, in ka ji warin danshi ko an zuba turare ya yi yawa ka tsaya. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba ko akwai layin ruwa, ka tura kujera baya ka haska ƙarfen da take gudu akai da ƙusoshinsa ko sun yi tsatsa, ka ɗaga kafet ɗin but ka sa yatsa a lungu inda batir yake, in ka ciro busasshen taɓo mai laushi kamar garin lalle to ka yi musu sallama kawai.

Sai injin. Ka ce wa dila zaka zo da sassafe kuma kar kowa ya tada ta, kana zuwa ka fara ɗora hannu akan injin, in da ɗumi ka koma gobe. Mota mai matsala a sanyi take tona kanta. Ka kunna makulli baka tada ba ka ga duk fitilun dashbod sun kama, ta injin da ta iyabag da ta ABS, sannan su mutu bayan ta tashi, wadda bata kama ba tun farko an rufe ta ne ko an cire. In ta daɗe tana gurnani kafin ta tashi ka yi zargin famfon mai na matsi, wannan sanannen ciwon N54 ne har kamfanin ya kira motoci a 2010 a nan Amurka don a canza shi. Ka saurari ƙara kamar ƙarfe na kaɗawa a ƙasa lokacin da aka saki totur, daga tobo ne, kuma gyaransa ba ƙaramin kuɗi bane. Wani ya tsaya a baya ya kalli salansa, shuɗin hayaƙi baƙin mai take ci, fari mai kauri da baya ɗaukewa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Famfon ruwanta na lantarki ne, baya gargaɗi sai dai ya tsaya kawai ta yi zafi, ka tambaya ko an taɓa canzawa, in babu takarda ka ɗauka ba'a canza ba ka sa kuɗinsa a lissafi.

Ka tafi da bakaniken da kai ka biya, wanda yake da kwamfuta kuma ya saba da motocin Jamus, ba wanda dila zai kira maka ba. Ya duba ko yanzu aka goge laifukan da motar ta ajiye a ƙwaƙwalwarta, kwamfuta tana nunawa, ya duba ko an taɓa yi mata tunin don ƙara ƙarfi, samari a nan suna yawan yi wa wannan injin. Ya leƙa ƙasa ya ga indomi ɗinta, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, na nan ko an yanke, ya ga yoyon mai da tsatsa don jihohin sanyi gishiri suke zuba wa titi. Mita kuma mil take ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, in ta nuna kaɗan amma sitiyari ya yi santsi kujera ta lotsa fedar birki ta cinye to an juya ta. Sannan ku hau titi sosai ba zagayen layi ba, ku miƙa ta hanyar Kano ta yi zafi, ka ji giya na shiga ba fizga, ka taka birki ka ji ko sitiyari na rawa.

Takardu kar ka yi wasa da su, a Janairun 2017 an hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, in an ce maka ta Kwatano ta biyo ka buɗe ido, ka kai takardar diyuti ofishin kwastam a tabbatar maka da kanka. In kuma asalinta sitiyarin dama ce aka juya, bana so ko kyauta.

Yanzu abin da yafi damuna, ko da motar lafiyarta ƙalau, zata iya zaman Zariya? Injin nan an yi shi ne don mai mai kyau, a nan famfo uku ne bisa lambar ingancin mai, 87 da 89 da 93, kuma na saman ake zuba mata, a gida kuwa iri ɗaya ne a gidan mai abin da ka samu shi zaka sha, in an yi mata tunin ga zafin watan Afrilu ga man da bai kai ba, fistin ne zai biya. Mai ma ka san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, ita kuma silinda shida ce. Ƙasa take sosai, ka tuna layinmu da damina da lungunan cikin gari ta Ƙofar Doka da tudun rage gudun nan da kowa ke ginawa a ƙofar gidansa. Bata zuwa da safaya taya, tayoyinta irin masu tafiya ko sun sace ne, in an canza mata na gama gari kuma ba safaya ka yi tunanin dare tsakanin Jaji da Zariya. Ka duba shekarun tayar ma, lamba huɗu ce a gefe, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, in da alamar dutse da ƙanƙara a jiki ta ƙasar sanyi ce bata dace da kwaltarmu ba. Kafin ka biya ka shiga Fanteka ko ka kira Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin famfon ruwa da nozul da shokazoba, ka ji ko akwai su a ƙasa ko sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas. In bayan ka biya babu abin da zai rage maka na gyaran farko, gara ka jira ko mu nemi wata tare, ni bana so ta zauna a ƙofar gida an lulluɓe ta Baba na kallo.

Ka turo min hoton lambar casis daga gilashi da ƙofa, da bidiyon tashinta da safe ka sa wayar kusa da injin, da hoton cikin but an ɗaga kafet. Ranar Lahadi ina gida zan duba in kira ka bayan isha'inku. Ka gaida Inna ka ce saƙonta na hanya, ka gaida Yaya Babba da yara.

Naka,
Yayanka