Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2023

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa mambobi.

An gudanar da taron wata-wata kamar yadda aka saba, sai dai na watan azumi da aka ɗage.

Babban abin da Allah ya ba mu nasara a kansa bana shi ne bitar da muka shirya wa maniyyatanmu kan tafiyar jirgi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Mun bayyana musu cewa tazarar ta kai kimanin kilomita 3,400 idan jirgi ya miƙe, tafiyar da a da ba ta wuce awa huɗu da rabi zuwa biyar, amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa kewayawa, zaman cikin jirgi ya ƙaru da wajen awa biyu. Wannan ƙari ba ƙarami ba ne ga dattijo mai ciwon suga ko hajiyar da ba ta taɓa hawa jirgi ba, shi ya sa muka tsaya sosai kan riƙe magani a jakar hannu, da yadda ake salla a zaune, da ɗaura harami kafin a wuce miƙati ga wanda zai zarce Makka. Mun kuma nanata cewa agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, domin mutane da dama kan ɗauki lokacin saukar da ke jikin tikiti su lissafa shi da agogon gida. Zauren ya cika har wasu suka zauna a tabarma a waje, kuma alhazan da suka dawo sun shaida mana cewa bayanin ya yi musu rana.

Game da takardar jagora da aka yi alkawarin bugawa, wadda wasu ke ta tambaya a kanta, ya kamata a sani cewa an gama rubutunta tun kafin azumi, sauyin hanyar jirage ne ya tilasta sake lissafin lokutan da ke ciki, kuma da aka kammala gyaran, abin da ke asusu bai isa kuɗin maɗaba'a ba. Fiye da rabin mambobi ba su biya kuɗin wata ba, duk da tunin da na yi ta waya da kuma bi gida-gida, kuma abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suka fi ƙorafi a kan takardar ba mu ga fuskarsu a taro ko sau ɗaya ba.

Ana roƙon duk wanda ake bi bashi ya kai wa ma'aji kafin taron watan Janairu, domin a buga takardar kafin masu Umarar azumi su tashi.

Sakataren ƙungiya