Zuwa ga ƙawata a Injamena, kan maganar salak ɗin nan

Assalamu alaikum ƙawata,

Da fatan kin tashi lafiya, ya Alhaji, ya yara, ya ƙarfin jikin Hajiya, ya kuma baƙunta da zafin Injamena. Mu nan Marwa alhamdulillahi kowa lafiya lau, sanyi ya fara ja baya, iska ce dai da ƙura har yanzu.

Na saurari saƙon muryarki har ƙarshe, nace wannan ba maganar da za'a amsa a tsaye bace, gara in zauna in rubuta miki yadda zaki riƙa dubawa duk sanda kika buƙata. Kince likita ya ce Hajiya ta ƙara cin ganye saboda suga, kina haɗa babban kwano tun da safe dan kowa ya samu, kafin la'asar ya zama ruwa ya yi baƙi, yaran kuma kowa da nashi ƙin, babban baya son albasa, mai bi masa bata son 'ya'yan tumatir, auta kuwa in dai abu kore ne ta kulle baki, ƙarshe a juye ma awakin maƙwabta. Wlh na ji miki, ga tsadar kaya ga wahalar yanka.

Toh ni abinda zan ce miki guda ne, ki daina haɗawa. Lalacewar da ƙin cin duk daga wannan babban kwanon suke fitowa. Gishiri janyo ruwa yake daga jikin ganye, in kina so ki gani da idonki yanka kokwamba ki barbaɗa mata gishiri ki bar ta minti 10, zaki tarar ruwa ya taru a gindin faranti ita kuma ta yi laushi. Lemun tsami da binega suma haka suke kashe ganyen, sai ya kwanta kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ga ruwan tumatir da ke bin komai, ga warin albasa da ke kama ƙwai da karas da duk abinda ya taɓa, yaron da baya son albasa ko kin tsince masa ita tas zai ji ta, ba fitina yake ba, gaskiyarsa ce. Dan haka kowane abu da robarsa, mahaɗin a kwalba, ba'a gamawa sai an zauna za'a ci.

Bari in faro daga kasuwa. Ki je da sassafe kafin rana ta bugi kayan, mu nan na lambunan Meskin da ke bakin kogin Mayo Tsanaga muke jira, ku kuma naku daga lambunan bakin kogin Shari yake shigowa, a kasuwar Dembe zaki samu. Ki ɗau ganyen salak mai saiwarsa ko wanda gindinsa yake fari, in gindin ya yi ja-ja ya kwana kenan. Karas in da ganye a kansa ki yanke ganyen da kin isa gida dan shi ke tsotse masa ruwa ya yanƙwane. Kuma kar shaƙiƙin koren nan ya ruɗe ki, masu sayarwa yayyafi suke yi masa wuni guda, ruwan da aka yayyafa kuma ba ke kika ɗebo shi ba.

Shi yasa wanki ba wasa. Kin tuna kwalarar 2010 yadda ta yi mana ɓarna a nan yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, tun daga lokacin ɗanyen ganye baya shiga bakin kowa a gidana sai ya bi ta hanyarsa. Ki ɓare shi ganye-ganye a babban baho, ki motsa, sannan ki tsamo ganyen da hannu ki maida wani bahon, kar ki tsiyaye ruwan ta kansa dan yashin da ya kwanta a ƙasa kansa zai dawo. Ki maimaita har sai kin ga gindin bahon babu ƙasa. Daga nan ki jiƙa shi kamar minti 15 a ruwan faramanganat na farmasi, kaɗan ake sawa, ruwan ya yi hoda-hoda yadda zaki iya hango hannunki a ciki, ko kuma ɗigon jabel, wato ruwan bilicin nan, marar turare gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar, abu ɗaya daga ciki ba duka biyun ba, sai ki ɗauraye da ruwan da kuke sha. Wasu na cewa binega ko gishiri sun wadatar, suna rage datti amma ni ban dogara da su su kaɗai ba, musamman ga gida mai tsohuwa da ƙananan yara.

Yanzu wajen da mata da yawa ke asara, busarwa. Ganye in aka aje shi da lema ruɓewa yake, ko a firigo ne. Ki samu tsaftataccen ɗankwali na auduga ki ware shi ma wannan aikin kawai, ki zuba ganyen a tsakiya, ki tattara bakin nan huɗu a hannu, ki fita tsakar gida ki riƙa wulwula shi da ƙarfi, zaki ga ruwa na fita yana zana layi a ƙasa da jikin bango. Yara na son wannan aikin sosai, ki ba babban. In kin buɗe zaki ga ganyen ya tsane bai karye ba. Sai ki shimfiɗa busasshen ƙyalle a roba mai murfi, ki zuba ganyen ba tare da dannawa ba, ki rufa wani ƙyallen a sama, ki sa a ƙasan firigo nesa da wajen ƙanƙara, dan in ya daskare ya narke shikenan ya tashi aiki. A haka yana kai kwana 3 zuwa 4 da ƙarfinsa, in ƙyallen ya jiƙe ki canja. Kar ki yanka sai lokacin ci, kuma da hannu ma ya fi. Wanda ya ɗan yi laushi ki tsoma shi a ruwan sanyi minti 15 zai miƙe.

Sannan kar ki aje shi kusa da tumatir, ayaba, mangwaro ko fiya. Waɗannan in suna nuna akwai wata iska da suke fitarwa, etilen ake ce mata, ita ke sa ganyen salak ya yi ɗigo-ɗigon ja, kokwamba ta koma ɗorawa. Tumatir ma bai son firigo, ɗanɗanonsa guduwa yake, ki bar shi a kwando a inuwa.

Nasan zaki ce to wuta fa. Gaskiya ne, mu ma nan haka muke fama. In an ɗauke ki hana yara buɗe firigon, a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4, kuma ki riƙa daskarar da gorunan ruwa ki jera a ciki suna ƙara masa lokaci. In kuma abin ya yi tsawo ki koma ma tukunya cikin tukunya. Wani malami ne daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar a ƙauyukan arewacin Najeriya har aka bashi kyautar Rolex a 2000. Babbar tukunyar ƙasa, ƙarama a cikinta, a cika tsakaninsu da yashi a jiƙa shi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu a aje inda iska ke wucewa a inuwa, safe da yamma a ƙara ruwa. Ruwan na bushewa yana tafiya da zafin, cikin na sanyi. A irin busasshiyar iskarmu ta rani tana aiki ƙwarai, da damina kam sai a hankali. Karas, kabeji, tattasai, gauta, tumatir duk tana riƙe su kwanaki, amma fa ɗanye wanda ba'a yanka ba. Ba'a sa mata ƙwai ko kifi ko mayonez, sanyinta bai kai ba, waɗannan ƙasa da digiri 5 suke so.

Maganar mayonez ɗin ma ina so ki kula. Abinci mai dafaffen ƙwai da mayonez ba'a barinsa a waje fiye da awa 2, in zafi ya wuce digiri 32 ma awa 1 ne, ke kuma kinsan Afrilu a Injamena sama da 40 ake yi. Wanda aka haɗa da rana aka rufe da faifai ana jiran magariba shi ke kawo ciwon cikin da ake ɗora ma ruwa ko mangwaro. Azumi in ya zo ki tuna da wannan, a gyara komai a aje daban, haɗawa sai an kusa kiran salla. Ni mahaɗina mai sauƙi ne, man gyaɗa cokali 3, ruwan lemun tsami cokali 1, gishiri, ɗan masoro, a kwalba mai murfi a girgiza. Wani lokacin in dama garin ƙuli a ciki ya yi kauri, wani lokacin kindirmo marar suga da tafarnuwa kaɗan. Man ma yana da amfaninsa, bitamin A na karas sai da maiƙo jiki ke ɗaukarsa da kyau.

To ga yaran. Ki samu babban tire ki jera komai tsibi-tsibi kar su taɓa juna, ganye nan, karas nan, kokwamba, tumatir, albasa can gefe, ƙwai, garin ƙuli a ɗan kofi, kowa da farantinsa ya ɗebi abinda yake so. Sharaɗi ɗaya ne, a ɗanɗana abu guda da ba'a saba ba ko da loma ɗaya, in an tofar ba faɗa. Masu binciken cin abincin yara sun nuna yaro kan buƙaci a gabatar masa da sabon abu sau 10 zuwa 15 kafin ya karɓa, mu kuma sau biyu in ya ƙi sai mu yanke hukunci muce ai shi baya ci. Harshensu ma ya fi namu jin ɗaci. Kuma dan Allah banda ɗure, banda tsawa, banda ɓoye ganye a ƙarƙashin shinkafa, ranar da yaro ya gano an yaudare shi har shinkafar zai fara bincike. Ki zauna ki ci naki a gabansu, Alhaji ma ya ci, wannan ya fi duk wani lallashi.

Sau da yawa ma ba abun suke ƙi ba, yankan ne. Albasa ki yanka siriri ki jiƙa a ruwan sanyi minti 10 ki tsane, yajin nan da warin zasu ragu sosai, in kin samu irin tamu ta Marwa mai ruwan hoda ma ta fi daɗin ci ɗanya. Tumatir ki raba huɗu ki kwashe 'ya'yan da cokali ki zuba a miya, ki ba yarinyar tsokar kawai. Karas dogo-dogo ma manyan su riƙa dangwala a ƙuli, auta kuma a goga mata a magogi dan kar ta shaƙe. Kokwamba ki yanke kan nan na wajen kara, nan ɗacin ya fi taruwa. Kabeji ki yanka kamar zare ki murza shi da ɗan gishiri da lemun tsami, shi kam baya jin tsoron wannan, laushi yake yi ya ƙara daɗi kuma yana kwana a firigo lafiya.

Abinda ya fi bani mamaki shine yadda muke manta namu. Kwaɗon zogale, kwaɗon rama, lansir da ƙuli, tafasa da damina, ai da su muka tashi, kuma ban taɓa ganin yaron da ya ƙi ƙuli ba. Daga nan zaki fara da auta. Ki dafa zogale ya yi laushi, ki matse ruwan sosai, ki cika masa garin ƙuli da ɗan mai, barkonon kowa ya sa da kansa. In ta saba sai ki fara yanka ganyen salak kaɗan a gefen farantin da ƙulin a kai. Hajiya ma shi zai fi mata sauƙin tauna, sai dai ita a bar dankali da madarar gwangwanin nan mai zaƙi da wasu ke tsiyayawa a kai, yawan ƙulin da man kuma ki tambayi likitanta.

Canji kuwa ba sai kin sayi sabbin kaya kullum ba, abu ɗaya zaki riƙa juyawa. Yau dafaffen wake, gobe dankalin turawa da ƙwai, jibi sardin a cusa a burodi su tafi da shi makaranta in za'a ci da wuri, wata rana a yayyaga kilishi a kai, ko soyayyen riɗi tunda ku a Cadi ba'a rasa shi. Mangwaro in ya shigo ki yanka wanda bai gama nuna ba da kokwamba da lemun tsami, fiya in motocin kudu sun kawo ki matsa mata lemun kar ta yi baƙi. Kuma kar ki nace ma ganyen salak shekara duka, na hunturu ne mai araha da taushi, da bazara ta kama zai yi tsada ya yi tsawo ya yi ɗaci, a lokacin kabeji da karas da busasshen zogale sun ishe ki har ruwa ya sauka.

Na sa an soya miki ƙuli marar yaji, ga zogalen gidanmu da na shanya a inuwa, ga ƴar albasa. Akwai direban da ke zuwa Kusuri, nan bakin iyakarku, ranar Asabar in Allah ya kaimu, ki faɗa min wanda zai tsallako gadar Ngeli ya karɓa in bashi lambarsa. Ƙulin ki juye a kwalba mai murfi da ya iso dan kar ya sha iska.

Ki gaida Hajiya da kyau kice ina mata addu'ar samun sauƙi, ki gaida Alhaji, ki shafa min kan yara. Inna na gaishe ki, tace yaushe zaki leƙo.

Wassalam,
Taki har kullum, ƙawarki ta Domayo